Gado, Shayi da Rashin Barci: Nazari a Kan Yankin Safana da Batsari

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da binciken ƙwayoyin gado ya gano game da alaƙar shan abubuwa masu kafeyin da rashin barci, ta kuma auna shi da halin da ake ciki a Safana da Batsari na Jihar Katsina. Matsayarta ita ce, gado yana bambanta yadda jikin kowa ke karɓar shayi, amma bai isa ya bayyana rashin barcin mutanen yankin ba.

Gabatarwa

Mutum biyu sukan sha shayi daga buta ɗaya bayan isha'i, ɗaya ya kwanta ya hau minshari, ɗayan ya kwana ido biyu har assalatu. A teburin mai shayi akan ce kowa da irin jininsa, kuma kimiyya ta gaskata wani ɓangare na wannan magana.

Abin da Aka Gano

Sinadarin hanta mai suna CYP1A2 shi ke narkar da kusan kashi 95 cikin 100 na kafeyin da ya shiga jiki, kuma a matsakaici sai bayan awa biyar rabinsa ke fita. A 2011 Cornelis da abokan aikinta suka nazarci Turawa sama da 47,000, suka gano cewa bambanci a kusa da ƙwayoyin gadon CYP1A2 da AHR yana tafiya da yawan abin da mutum ke sha. Wanda hantarsa ke da sauri yakan ƙara kofi. Tun 2007 kuma Rétey da abokan aiki a Zurich sun nuna rawar ADORA2A, ƙwayar da ke tsara mashigar adenosin a ƙwaƙwalwa. Adenosin ke taruwa da rana yana jawo gyangyaɗi, kafeyin kuwa toshe masa mashiga yake yi.

Sai dai da Treur da abokan aikinta suka bi ta gado a 2018 don gane ko shan kafeyin ne ke haddasa matsalar barci mai ɗorewa, ba su sami hujja bayyananniya ba.

Safana da Batsari

Matsala ta farko wajen ɗora wannan sakamako a kan yankin ita ce ta waɗanda aka nazarta. Akasarin mutanen da ke cikin manyan binciken gado Turawa ne. Aikin tattara bayanan gado na 1000 Genomes ya ɗauki Yarbawan Ibadan da mutanen Esan, babu Bahaushe ko Bafulatani na Arewa. Ɗora sakamakon Zurich a kan Safana da Batsari, a ganina, garaje ne.

Ta biyu ta fi nauyi. Takardun tambaya na Turai kofin kofi suke ƙirgawa. A nan kuwa akwai shayin Lipton da madara, akwai na Buzaye, ɗanyen ganyen Sin da ake dafawa a ƙaramar buta bisa gawayi, a zuba daga sama har ya yi kumfa, a sha zagaye uku, na farko ɗaci rau. Ga lemon ƙara kuzari a hannun matasa. Ga goro, wanda ba a shan sa amma yana ɗauke da kafeyin kusan kashi 2 cikin 100. Dattijon da zai rantse bai taɓa shan kofi ba yana iya wuni da ɓari a kunci. Zoɓo da kunu da fura ba sa cikin lissafi, domin ba su da kafeyin.

Sannan garuruwan nan suna bakin Dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga suka sa kwanan gadi ya zama aikin magidanta, tun kafin gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023. Wanda ke tsaron bakin gari shayi yake sha don kada barci ya ɗauke shi. A nan fargaba ce ta hana barci, rashin barcin ya jawo butar shayi, akasin jerin da akasarin nazarce-nazarce suka ɗauka.

Shawara ga Masu Bincike

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, ita ta fi dacewa da gudanar da irin wannan bincike a yankin. Kafin a ɗebi yawu ko jini, a tambayi lokacin shan ƙarshe, domin Drake da abokan aiki (2013) sun nuna miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya sun rage barci da fiye da awa guda. A tambayi shan taba, wadda ke ƙara wa hanta sauri, da juna biyu, wanda ke rage mata. A kuma ware waɗanda suka kwana gadi a makon da aka yi musu tambayar.