'Yan Tsanan Kirsimeti Da Tarihin Da Ke Bayansu

Da yawanmu mun fara sanin ƙanƙara da bishiyar Kirsimeti ne a littattafan Turanci na yara da ke laburaren makaranta, musamman labaran 'yan tsana. A bana na sake bin wasu daga cikinsu, amma wannan karon ina duba shekarar da aka buga kowanne, da kuma wanda ya samu 'yar tsanar a cikin labarin.

Mafi tsufa shi ne na Bajamushe Hoffmann, wanda ya fito a 1816, inda ɗan tsanan katako ya yaƙi sarkin ɓeraye mai kai bakwai. Gidan masu hali ne, kyauta jibge a gindin bishiya. Shi kuwa Victor Hugo na Faransa, a littafinsa Les Misérables na 1862, ya nuna yarinya Cosette tana bauta a masaukin baƙi, abin wasanta wani ɗan guntun takobin dalma da take naɗewa da tsumma, har Jean Valjean ya saya mata babbar 'yar tsana a daren Kirsimetin 1823. Da muna yara kyautar muka riƙe. Yanzu abin da ya tsaya mini shi ne, 'yar shekara takwas ce ake tura ta ɗebo ruwa a daji cikin dare.

Wanda ya fi cin lokacina shi ne na Florence Upton, wanda kamfanin Longmans ya buga a 1895. Ita ta yi zane, mahaifiyarta Bertha ta tsara baitocin. A jajibirin Kirsimeti 'yan tsana biyu suka farka a kanti, suka yi kiciɓis da wani baƙin ɗan tsana mai suna Golliwogg, gashi a miƙe, leɓe ja, idanu farare ƙwala-ƙwala. Sun fara da firgita, daga bisani suka ƙulla abota da shi, don a littafin mai kirki ne. To amma ina aka samo wannan fuska? An haifi Upton a Amurka a 1873, ta kuma kwaikwayo shi ne daga wani ɗan tsananta na ƙuruciya, irin mai kama da 'yan wasan nan Turawa da ke shafa baƙi a fuska suna yi wa baƙar fata ba'a a dandali. Ba ta yi wa zanen rajista ba, sai kowa ya ɗauka. Kamfanin Robertson's mai haɗa jam ya yi talla da shi daga 1910 har 2002. A wani littafin Noddy na Enid Blyton, irinsa ne suka zama ɓarayin da suka ƙwace mota. Sannu a hankali sunan ya koma zagin da ake jifan yaran baƙar fata da shi a Ingila. Mu kuma nan, a kan bencin laburare, muna ta dariyar hotonsa.

Wanda bai tsufa ba a ganina shi ne labarin Holly da Ivy na Rumer Godden, na 1958. Marainiya Ivy ta rasa wanda zai ɗauke ta hutun Kirsimeti, 'yar tsana Holly ta rasa mai saye, matar wani ɗan sanda kuma ba ta da ɗa. Godden, wadda ta tashi a Narayanganj ta ƙasar Bangaladash ta yau, ta gina labaranta bisa cewa 'yar tsana ba ta da ikon zaɓar hannun da za ta faɗa, sai dai ta yi fata. Duk wanda aka kai makarantar kwana yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya san wannan hali.

Saboda haka idan ƙungiyarmu ta tashi tara wa laburare littattafai, ni na Godden zan kawo. Na Upton kuwa ina ganin a miƙa shi ga malamin tarihi, ya buɗe wa 'yan aji shida.