Daga Galton Zuwa Titin Ali Akilu

Kullum na taso daga Kawo zan shiga gari, titin Ali Akilu nake bi in wuce Lugard Hall. Rannan na tambayi kaina: wane irin tunani ne ya tsara garin nan?

A 1883 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ya raɗa wa wata aƙida suna "yujeniks". Wai a tace ɗan Adam kamar yadda manomi ke zaɓen iri: masu "jini mai kyau" su hayayyafa, sauran a hana su. Da Hitler ya hau mulkin Jamus a 1933 sai ya mayar da ita doka, aka yi wa mutum kusan 400,000 aikin hana haihuwa bisa tilas.

Mu ba a yi mana haka ba, amma tunanin ya iso. Dokar birane ta 1917, zamanin Lugard, ta sa a bar tazarar yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da tamu, wai don sauro. Suka kuma jera ƙabilunmu hawa-hawa, wai wasu don mulki aka haife su.

To, ɗan'uwa, in ka ji bakinka na shirin cewa "ai su a jininsu yake", tsaya tukuna. Da irin wannan maganar aka fara.