Kuɗin Hukuma da Ruwan Damina: Darasin Jibiya ga Ƙasar Daura

Wanda ya san tsarin tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa, irin su Daura da Zango da Ɓaure, ya san cewa kowace unguwa tana da kududdufinta. Daga nan ake ɗibar ƙasar gini, in damina ta sauka kuma nan ruwan unguwa ke taruwa har ƙasa ta shanye shi. Wato ramin da ya ba da ƙasar gida shi ne kuma yake kare gidan. A zamanin En'e mai unguwa da dagaci su ne ke lura da hanyoyin ruwa, duba-gari kuwa yana kewayawa, ana gayya a yashe lambatu kafin ruwan fari. Kuɗin da baitulmali ke kashewa a kan wannan kaɗan ne.

Abubuwa biyu suka sāke wannan tsari. Na farko fari ne. Daga 1968 zuwa 1973, da kuma 1983 zuwa 1984, ruwan sama ya ja baya ƙwarai a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Fadamu suka bushe, mutanen karkara suka kwararo cikin garuruwa, aka cike kududdufai, aka yi gini a kwarin da kakanni suka bar wa ruwa. Na biyu kuwa canjin mulki ne. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 sun ɗauke ikon filaye daga hannun sarakuna suka danƙa wa gwamna da ƙaramar hukuma. Iko ya koma ofis, amma sanin inda ruwa ke bi ya zauna wurin dattawa. Da damuna ta fara gyaruwa daga shekarun 1990, sai ruwa ya tarar da gidaje a kan hanyarsa.

Gwamnati ta tanadi kuɗi domin irin wannan matsala. A 1981 aka kafa asusun kula da muhalli da kashi 1 cikin 100 na kuɗin Tarayya, aka mai da shi kashi 2 a 1992. A Jibiya, garin kan iyaka, an gina madatsar ruwa a kan kogin Gada domin noman rani da ruwan sha, aka gama a farkon shekarun 1990. Amma cikin garin kansa magudanai ba su samu irin wannan kulawa ba. A tsakiyar watan Yuli na 2018 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin dare. Gari ya waye mutum sama da 40 sun rasu, ɗaruruwan gidaje sun rushe, dabbobi sun salwanta, waɗansu gawawwakin ma sai cikin ƙasar Nijar aka tsamo su. Bayan haka ne Gwamnatin Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta gina wa Jibiya manyan magudanai a ƙarƙashin shirin NEWMAP, wanda Bankin Duniya ya amince da shi tun 2012 da rancen dala miliyan 500. Aikin ya yi amfani, sai dai an yi shi bayan jana'iza, kuma da kuɗin bashi.

To, a nan ne maganar ta shafi Daura. Tsakanin 2015 da 2023, lokacin da Muhammadu Buhari yake Shugaban Ƙasa, kuɗin Tarayya sun shiga garin fiye da kowane zamani. A 2019 aka buɗe asibitin sojan sama, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta Tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa Daura da Jibiya. Waɗannan ayyuka suna jawo ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, kowannensu kuwa fili yake nema. Kowane rufin kwano da kowace hanyar kwalta suna rage ƙasar da ke shan ruwa, su ƙara wanda ke gudu zuwa unguwannin da ke gangare, inda talakawa suka fi yawa. Saboda haka gwargwadon bunƙasar gari, gwargwadon bukatarsa ga magudanai.

Dalilin da ya sa ake barin wannan aiki a baya a fili yake. Sabon gini yana da ranar buɗewa da allon suna, yashe lambatu kuwa ba wanda ke yi masa biki, ga shi kowace shekara sai an sāke. Don haka kasafin kuɗi yakan cika da sababbin ayyuka, a rage na gyara.

Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar fili, da wanda ke tsara kasafin ƙaramar hukuma, su ne a yau ke riƙe da aikin da mai unguwa da duba-gari suka yi jiya. Wajibi ne su san inda tsofaffin kududdufai suke, su hana gini a kan hanyar ruwa, su kuma ware kuɗin yashe magudanai kafin watan Yuni. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jibiya da Daura kuwa jiha ɗaya suke, damina ɗaya ce ke sauka a kansu.