Karatun Aikin Lafiya da na Abinci Mai Gina Jiki: Abin da Ya Kamata Iyaye da Matasanmu na Kudu Su Sani Kafin Su Biya Kuɗi

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a Agege na taso, karatuna kuma a sakandare ya tsaya. Abin da ya sa na zauna na haɗa wannan bayani, ƙanwata ce. Bayan ta gama sakandare, Baba ya sayar da bijimi ya biya mata kuɗin koyon aikin nas a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Shekara biyu tana zuwa, ta iya allura, ta iya ɗaura ruwa, har da bikin yaye su aka yi. Ranar da ta kai takardar neman aiki, aka ce mata wannan ta okzilari ce, babu hukumar da ta san da ita. Wallahi ranar ba wanda ya ci abincin kirki a gidanmu. Daga nan ne na shiga yawon makarantu ina tambaya, ga abin da na tattaro.

Ƙa'ida ta farko: lasisi

A kara, ba wanda zai sayi saniya bai san hannun da ta fito ba. To haka karatun lafiya yake. Yawancin fannonin suna da hukumar gwamnatin tarayya da ke amincewa da makaranta, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisi. In makaranta ba ta cikin jerin hukumar, takardarta ado ce kawai. Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, ba ta ba okzilari lasisi. Duk wanda ya ce maka zai mayar da 'yarka nas a cikin asibitinsa, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ake nema kafin shiga

Yawancin kwasa-kwasan nan suna buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu. Nan ne yaranmu da yawa suke faɗuwa, domin tun a aji huɗu na sakandare ake raba 'yan kimiyya da 'yan sauran fannoni. Yaron da ke son aikin asibiti, tun lokacin za a tsaya masa. Wanda ya riga ya gama babu Kemistiri ko Fizis, sai ya sake zama. Makarantu da yawa kuma yanzu ta hanyar JAMB suke ɗauka, sannan su yi tasu tantancewar.

Jami'in lafiyar al'umma

Wannan shi ne CHEW, karatun shekara 3 a kwalejin fasahar lafiya. Akwai ƙaraminsa, JCHEW, na shekara 2. Su ne kake gani a ƙananan asibitocin unguwa suna rigakafi, awon ciki, auna yara da kula da zazzaɓi da gudawa. Hukumar CHPRBN ce ke yi musu rajista. Wanda ya yi CHEW ya samu gogewa yana iya ƙarin karatu a asibitin koyarwa ya zama CHO, wanda ake ba ragamar ƙaramin asibiti. Wannan hanyar ƙanwata ta koma ta bi.

Nas da ungozoma

Ana yin su a kwalejin koyon aikin jinya da NMCN ta amince da ita, ko a jami'a inda digirin yake ɗaukar shekara 5. Gasar shiga tana da zafi, kuɗin ma ya fi na CHEW, amma lasisin nas yana aiki a kowace jiha.

Gwajin jini, magani da duba-gari

A kwalejojin fasahar lafiya akwai kwas na mai gwajin jini da fitsari, ƙarƙashin hukumar MLSCN, da na mai taimaka wa masanin magunguna, ƙarƙashin hukumar PCN. Akwai kuma duba-gari, wanda Yarabawa ke kira wole-wole. Mu 'yan kara da mahauta mun san su sarai, su ne ke zagaya kasuwa da kwata suna duba tsafta da magudanar ruwa. Ka yi tunanin a ce cikinsu akwai ɗanmu da ya san sana'ar tun daga tushe, yana magana da mahauta da harshensu. Rigima da yawa da ba a yi ta ba.

Ilimin abinci mai gina jiki

Mutanenmu in sun ji wannan sai su ce koyon girki ne. Ba haka ba ne. Masanin abinci shi ne likita ke tura wa mai ciwon suga, mai hawan jini ko mai ciwon ƙoda, ya tsara masa abin da zai ci da adadinsa. Shi ne kuma ke aiki a kan tamowa. Akwai wata 'yar igiya mai launi da ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5: in ya gaza santimita 11.5, ya shiga ja, tamowa ta yi tsanani, sai a sa shi a kan abincin magani na gyaɗa da madara. Su ne ke koya wa iyaye mata shayar da nono zalla na wata 6, da yadda ake haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa idan yaro ya fara cin abinci.

Hanyar karatun biyu ce. Ko dai difloma ta ND shekara 2 da HND shekara 2 a kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Yaba a Legas, ko digiri a jami'a. Jami'ar Ibadan, Jami'ar Najeriya ta Nsukka, Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta da ta Umudike a jihar Abiya duk suna da sashen. Mai son aikin asibiti sai ya ƙara shekara guda ta horo a babban asibiti. Aiki kuwa akwai shi a asibitoci, ma'aikatun lafiya, kamfanonin abinci da ƙungiyoyin agaji, musamman a Arewa inda matsalar tamowa ta fi yawa kuma ake neman mai jin Hausa.

Ina makarantun suke?

Kusan kowace jihar Kudu tana da kwalejin fasahar lafiya ta gwamnati. Ta Legas tana Yaba, ta Oyo tana Eleyele a Ibadan, ta Ogun tana Ilese kusa da Ijebu Ode, ta Ribas tana Fatakwal. Akwai masu zaman kansu ma, wasu na gaskiya, wasu na bogi.

Sai dai a faɗi gaskiya: makarantun jiha suna fifita 'yan asalin jihar, wasu ma kuɗin baƙo ya fi yawa, ko da a nan aka binne cibiyarka. Saboda haka a nemo wa yaro takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali da wuri, a kuma nema a wuri biyu, nan Kudu da can gida. In an samu a Kano ko Katsina ko Sakkwato, a je a yi, lasisin na tarayya ne, zai yi aiki da shi a Legas.

Tambayoyi huɗu kafin ka biya

1. Wace hukuma ce ta amince da wannan kwas ɗin? Ka nemi ganin takardar, ka kuma duba jerin makarantu a shafin hukumar na intanet. Makaranta tana iya samun izinin kwas ɗaya ba ta da na ɗayan.
2. Ana yi wa ɗalibai rajista da hukumar tun farkon karatu? Wanda ba a shigar da sunansa ba, ba zai zauna jarrabawar lasisi ba.
3. A wane asibiti ake zuwa koyon aiki?
4. Kuɗin a asusun makaranta ake zubawa? Kada ka ba wani dillali a hannu don ya ce yana da hanya.

Abin da ya sa maganar ta dame ni

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa asibiti a nan ya san halin. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarabanci ko Ibo sosai, sai ɗanta namiji ne zai tsaya yana fassara ciwon da take jin nauyin faɗa a gabansa. Wasu matan saboda haka suke ƙin zuwa awo, sai abu ya ɓaci. Daga Sabo ta Ibadan zuwa Idi-Araba da kasuwar shanu ta Lokpanta, yawanmu ya isa a ce kowane asibitin unguwa yana da 'yarmu ko ɗanmu sanye da farin kaya.

Iyayenmu, kuɗin bijimi ɗaya ko biyu da za a kashe, a kashe shi a inda zai haifar da lasisi. Ƙanwata yanzu tana shekara ta biyu, ta yi asarar shekara biyu a baya, amma ta kama hanya. Allah Ya sa kada wani gida ya maimaita kuskurenmu, amin.