Pratham: Ƙungiyar da ta ce a gwada yaro a gani

Yau shirin ya kai mu birnin Mumbai na ƙasar Indiya, inda a 1995 Madhav Chavan da Farida Lambay suka kafa ƙungiyar Pratham, wato "na farko" a harshen Hindi. Da azuzuwan share fage suka fara a unguwannin talakawa, a duk inda aka samu ɗan fili. Burinsu a lokacin shi ne kowane yaro ya shiga makaranta.

To, yara sun shiga, sai wata matsala ta ɓullo. Za ka ga yaro yana aji uku ko huɗu, kullum da safe ya rataya jaka ya tafi, amma ka ba shi jimla guda ya karanta sai ya tsaya yana kallon ka. Malam kuwa manhaja yake bi, ba ya jiran na baya. Nan ne Pratham ta fara ɗaukar 'yan mata daga unguwa, ana kiran su balsakhi, wato ƙawar yaro. Kowacce sai ta ware waɗanda aka bari a baya, ta koma da su kan baƙaƙe.

A 2005 ƙungiyar ta fito da binciken da ake kira ASER. 'Yan sa kai ne ke bin ƙauyuka gida-gida da takarda ɗaya: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sannan ɗan labari. Abin da aka gano ya girgiza ƙasar. Kusan rabin 'yan aji biyar a karkara ba sa iya karanta labarin 'yan aji biyu.

Maganin da suka tsaya a kai ba shi da tsada. A raba yara gwargwadon abin da suka iya, a ajiye zancen shekaru da aji, a koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun shafe shekaru suna auna wannan hanya, suka ga tana aiki. Daga baya ta iso Zambiya da Kodebuwa, har jihohin Borno da Kano, inda ake koyar da karatu da Hausa.

Kai mai karatu, kada kayan makaranta da katin sakamako su ruɗe ka. Yau da dare kira ɗanka ko 'yarka, miƙa musu wannan shafin su karanta maka layi biyu. In sun yi tuntuɓe, kada ka yi faɗa, kada ka ɗauko bulala. Koma da su kan haruffa, gobe kuma ka je ka ga malaminsu. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.