Yaron Gareji, Jiya da Yau

Wanda ya ji mu a rediyo daren Laraba zai tuna mun tsaya a kan tambayar da iyaye ke yawan aiko mana: in yaro na son kanikanci, gareji na bakin titi za a kai shi, ko kamfanin sayar da sababbin motoci? Kafin ka yanke, bari mu ɗan koma baya, domin sana'ar nan ba daga sama ta faɗo ba.

Gyaɗa ce ta kawo mana mota. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram sai an kai ta inda jirgi yake, da farko a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a cikin lori. Manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da UAC su ke shigo da motocin, kuma a wuraren gyaransu ne kanikawanmu na farko suka riƙe sifana. Ka ga ke nan koyon gyara a kamfani shi ne tsohon abu, na bakin titi ne ƙaninsa. Mutane da yawa suna ɗauka akasin haka.

Amma lori ba ya zaɓen wurin lalacewa. In ya tsaya a cikin rairayi tsakanin Tasawa da Damagaram, babu Bature, babu kamfani, sai direba da yaronsa. Nan makaranta ta biyu ta buɗe. Yaron mota shi ke zuba ruwa a lagireto, shi ke tare taya da katako a kan tudu, shi ke kwana ƙarƙashin mota yana gadin kaya. A hankali ya iya liƙin taya, ya iya kwance kafireta ya hura ya mayar. Waɗanda hannunsu ya faɗa suka sauka daga mota, suka kafa rumfa kusa da tasha, suka fara karɓar yara su ma.

Tsarin kuwa ka san shi, don irin na maƙera ne da dukawa. Uba ya kai ɗansa da ɗan goro, ya ce wa maigida, "Ga amana." Shekarar farko yaro wankin ƙarafa kawai yake yi da fetur, da aike, da miƙo lamba goma sha uku. Babu albashi sai kuɗin abinci. Babu ranar gamawa a rubuce. Sai ran da maigida ya ga dama ya yaye shi. A nan ne wasu suka sami uba na biyu, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, suka yi shekara bakwai suna bauta ba a nuna musu cikin injin ba.

Zamanin da sana'ar ta yi tashe shi ne na Peugeot, wadda muke ce wa Fijo. Kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ga Steyr a Bauchi, ga masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Akori-kura 404 da 504 suka cika hanyoyin iyaka, daga Illela zuwa Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Maigatari zuwa Magarya da Dungas. Mota iri ɗaya ce ko'ina, kayan gyaranta na nan a kowace kasuwa, wanda ya iya ɗaya ya iya duka. Lokacin kuma ya zo daidai da farin 1973 da na 1984. Makiyayi da garkensa ya ƙare, ɗansa ya shiga gari, kuma gareji na cikin ƴan wuraren da ba a tambayar takardar lekol. Tambayi dattawan kanikawa a garinku, za ka sami wanda da sanda ya fara kafin sifana.

Sai kuɗi suka karye. Naira ta faɗi daga 1986, sefa kuma aka rage mata rabin daraja a Janairun 1994. Sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, aka koma ga ƴan Kwatano, tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa a biyo da su ta Gaya. Kamfanoni suka rage ɗaukar yara, gareji ya ƙara cika. Su Fanteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Katako a Yamai, a nan ake fiɗa mota kamar rago, a haɗa injin wannan da giyar waccan, ta tashi ta yi tafiya. Wannan basira ce, kada kowa ya raina ta.

To, amma motar da kanta ta canza hali. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci wata kafa da ake jona kwamfuta a karanta ciwonsu, Turai ta biyo baya a 2001. Kafireta ta ɓace, ƙwaƙwalwar lantarki ke auna man da injin ke sha. Kunnen maigida, wanda da can daga nesa yake gane ƙarar fulogi, yanzu bai isa shi kaɗai ba.

Shi ya sa kamfani ya sake zama abin nema. A can yaro yana shiga da takarda, CAP a wajenmu, ko shaidar gwajin sana'a a Najeriya. Kowace mota da katin aikinta, kowane noti da ma'aunin ɗaurinsa, abin da ya lalace a cire a sa sabo, ba walda, ba dabara, don akwai garanti. Yana koyon karanta littafin mota da na'urar bincike, kuma ya san ranar gamawarsa. Sai dai iri ɗaya yake sani, ko Toyota ko wata, kuma gurbin kaɗan ne, akasari a Yamai ko Kano ko Kaduna.

Ni dai a ganina, ka duba inda yaron zai ci abinci. Kai da ka loda shanu talatin a tirela ranar kasuwa, in ta tsaya da rana tsaka kafin iyaka, awa uku sun isa dabbobi su fara kwanciya, kuma wanda zai zo maka a kan babur ɗan gareji ne. Amma in yaronka ya yi lekol, yana karanta Faransanci ko Ingilishi, kada ka bar shi wajen maigidan da bai taɓa riƙe na'ura ba. Ka tambayi maigidan abu uku a gaban shaida: shekara nawa, me zai koya a kowace shekara, da wa zai saya masa kayan aiki ran yaye.

Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan takardun lafiyar dabbobi da ake nema a bakin iyaka.