Tsadar rayuwa da bashin magidanta a Sakkwato

A birnin Sakkwato, bashin da ke kan magidanta galibi na mai shago ne da mai hatsi da 'yan'uwa, domin da dama na ƙyamar rancen banki saboda kuɗin ruwa.

Lamarin dai ya tsananta ne daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma kimanin naira 500, sannan ta zarce naira 1,000 a 2024.

Hare-haren 'yan bindiga da suka hana noma a yankunan Isa da Sabon Birni su ma sun ƙara wa hatsi tsada.

Dama can jihar na cikin matsi. A 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kimanin kashi 91 cikin ɗari na jama'arta matalauta ne, mafi yawa a Najeriya.

Wanda bashi ya yi wa katutu dai na cikin rukunoni takwas da suka cancanci zakka, wadda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar ke tarawa tana rabawa.